Rumfar da Ta Yi Ƙugu

A ɗakin zane na ɗaliban gine-gine 'yan shekara ta uku akwai wani tebur a bayan ƙofa da ba mai son sa. In an buɗe ƙofa sai ta rufe wanda ke zaune, ga shi soket ɗin da ya fi aiki a ɗakin yana ƙarƙashinsa, kowa sai ya zo ya durƙusa maka a ƙafa. Nan Auta ta zaɓa tun ranar farko, don in ƙofa ta ɓoye ta malami ba ya ganin ta, balle ya jefo mata tambaya.

A zanen hannu ba wanda ya kama ƙafarta. Sai dai wannan zangon an kawo musu wata manhaja da ba a zana gini a cikinta. Ƙa'ida ake shimfiɗa wa ginin, shi kuma ya fito da kansa. Fuskar kwamfuta kashi biyu ce. A dama akwai ƙananan akwatuna da ake haɗa su da zare: wannan ya ce a yi zobe, na gaba ya ce a raba zoben ɗigo-ɗigo, na gaba ya ce a ja layi daga wannan ɗigo zuwa wancan. A hagu kuma ginin yana tsaye yana bin umarni. Akwai kuma wani ɗan layi mai ƙulli a kansa, in ka ja ƙullin lamba ta ƙaru ko ta ragu, ginin gaba ɗaya ya motsa. 'Yan aji suka raɗa masa suna zariya.

Malamin darasin kuwa a bayan idonsa Ja-mu-gani ake kiran sa. Ba ya duba hoton da ka buga a takarda, komai kyansa. Kujerarka yake zama, ya karɓi linzamin kwamfuta, ɗan abin da ake dannawa ana ja da shi, ya ce, "Ja mu gani," ya ja zariya har ƙarshe. In ginin ya wargaje, tagogi suka tashi sama suka bar bango, sai ya miƙe ya wuce teburin gaba ba tare da ya ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Aikin da ya ba su shi ne rumfar hutawa a tsakar sashensu, da sharaɗi ɗaya: sandunan ƙarfe miƙaƙƙu kawai, ba a lanƙwasa ko ɗaya. Ranar Alhamis za a nuna.

Auta ta yi zobe a ƙasa, ta yi zobe a sama wanda zai ɗauki rufi, ta tsayar da sanduna a tsakani. Zarurrukanta a jere suke kamar an taje su. Abin ba ya wargajewa, amma ba ya sa mutum ya waiwaya.

"Kejin kaji," in ji Kwamanda.

Kwamanda doguwa ce mai murya, ita ke raba wa kowa aiki ko ba a naɗa ta ba. Ranar Litinin da hantsi ta zo neman soket, waya a hannu, ta jingina a kafaɗar Auta ta ƙwace linzami.

"Juya mana shi mu ga bayansa, ko can ya fi kyau." Ta juya kallon rumfar ta wani gefe. "Kai, 'yar lungu, gaba da baya duk keji ne. Kaji nawa zai ɗauka?"

Garin miƙewa gwiwar hannunta ta danna wani abu, zoben sama ya ɓace, sanduna suka bi shi.

"Au. Yi haƙuri, sake zana shi. Ai zobe ne, ba taswirar duniya ba."

Auta ba ta iya aiki ana tsaye a kanta. Cikin gaggawa ta danna tsakiya, ta ja zuwa dama yadda ta saba, ta danna, ta maƙala zaren a sabon zoben don Kwamanda ta tafi.

Sandunan suka dawo, amma ba a tsaye ba.

Kowace sanda ta karkata, duk gefe ɗaya, kamar fasinjoji in mota ta sha kwana. Kuma da suka karkata tare, sai rumfar ta yi ƙugu. Ta faɗaɗa a ƙasa, ta tsuke a tsakiya kamar turmi, ta sake buɗewa a sama kamar tana karɓar wani abu daga sararin samaniya. Gefenta ya lanƙwasa a hankali, lanƙwasar da ba wanda ya zana. Auta ta bi sanda ɗaya da ido tun daga ƙasa har sama. Miƙaƙƙiya ce sak. Ta bi ta biyu. Ita ma haka. Ba sanda ɗaya da ta tanƙwara, amma ga baka nan a gabanta. Tsigar jikinta ta tashi. Hayaniyar ɗakin ta yi nisa, kamar an nutsar da kanta a ruwa. Ta manta da numfashi, ta manta da cewa ana ajiye aiki.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Daga ƙarƙashin tebur Kwamanda ta ɗago, filogin Auta a hannunta. Kwamfutar gadon yayanta ce, batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannun Auta.

"Minti biyu kawai, wayata ce za ta mutu. Me ya faru kika yi kamar kin ga aljani?"

Da aka sake kunnawa, kejin ne ya fito, tsaye ƙiƙam, kamar bai taɓa yin wani abu ba.

Ta goge zoben sama ta sake zana shi. Keji. Ta sake. Keji. Kowane karo, kafin ta zana, sai ta mayar da kallon daidai, gaba a gaba, don haka aka koya musu kuma haka halinta yake, ko takalmi ta cire sai ta daidaita bakinsu. Ta sa ƙaramin zobe a tsakiya don ta tilasta ƙugun, sai sandunan suka karye a gwiwa, abin da Malam ya hana. Ta buɗe shafin bincike ta tsaya. Me za ta rubuta? Keji mai ƙugu?

Kwamanda, da laifi ya kama ta, ta ce a maimaita komai.

"Zauna yadda kika zauna. Na jingina nan, ko? Na zage ki. Me na ce ma?"

"Kejin kaji."

"Kejin kaji. To, ga gwiwa." Ta danna. "Zana."

Auta ta daidaita kallo ta zana. Keji.

"Ko zagin ne bai kai ba? In ƙara?"

"Ke kin gan shi kuwa?"

Kwamanda ta girgiza kai. "Ina ƙarƙashin tebur, ƙawata. Takalminki na gani."

Wato ba wanda ya gani sai ita. Da yamma a cikin motar haya, kanta a jingine da gilashi, ta fara tambayar kanta ko idonta ne ya yi mata gizo.

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zana rumfar da fensir, daga abin da ya rage mata a ka, ta je ofishin Malam. Ta daɗe a bakin ƙofa har mai shara ta tambaye ta ko lafiya.

Malam ya karɓi takardar, ya cire tabarau, ya matso da ita kusa da fuska. Ya daɗe.

"A ina kika samo wannan?"

"A kwamfutata na gani, Malam."

"Gani kika yi, ko yi kika yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Kuskure na yi. Sai aka cire wuta."

"Wane kuskure?"

"Shi nake nema."

Ya yi wani ɗan murmushi da ba ta taɓa gani a aji ba. "Mutane na zuwa nan neman gyara. Ke kin zo neman kuskurenki da ya ɓata." Ya miƙa mata takardar. "Na san inda rumfar ta ɓuya. Ba zan faɗa miki ba, don in na faɗa ta zama tawa. Takarda kuma ba ta da zariya. Ranar Alhamis ki kawo mini abin da zan ja, ko wannan ko kejin."

Ta fito da sanyi ɗaya a zuciya: ashe akwai abin, ba mafarki ba ne. Da nauyi ɗaya kuma: jibi ne Alhamis.

Safiyar Laraba ta zauna a teburin cin abinci na gida, kwamfuta a buɗe, shayi ya huce a gefe. Baba ya fito daga ɗaki yana gyara wuyan riga. Tun ciwon da ya taɓa masa ɓarin dama, hannunsa ba ya yi masa biyayya sosai, bayansa kuma ba ya sunkuyawa, amma duk wanda ya ce zai ɓalla masa maɓalli ya nemi faɗa. Yau ya sa rigarsa mai ratsi-ratsi a tsaye, shuɗi da fari.

Mama ta leƙo daga kicin ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban yara, maɓallinka ya sake shiga gidan maƙwabta."

"Ziyara ya je."

"Dukkansu? Dubi wuyanka, ɗaya na kunne ɗaya na kafaɗa. Haka za ka je asibiti likita ya ce ba na kula da kai?"

"Likita ya san wanda ba a kula da shi. Jiya ma sai da na yi tari sau biyu aka kawo ruwa."

"Allah ya shirya. Auta, gaya wa babanki ya dubi madubi."

Auta ta ɗago don ta yi dariya, sai idonta ya tsaya a kan rigar. Maɓallin farko ya tsallake raminsa ya shiga na gaba, na biyu ya bi shi, na uku ma, kowa ya matsa gida ɗaya. Ba maɓallin da ya lalace, ba ramin da ya yage. Amma ratsin rigar da ya kamata ya sauka sak ya karkace, duk gefe ɗaya, rigar ta murɗe a jikinsa.

Baba ya kai hannu zai ɓalle.

"Baba, tsaya. Don Allah kar ka taɓa."

"Kin ji ko? 'Yata ta ce ya yi kyau."

Ba ta ji shi ba. Kowane maɓalli yana da raminsa, ta faɗa a ranta. Kowane ɗigo na ƙasa yana da ɗigonsa na sama. Na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu. To wa ya gaya wa kwamfuta wanne ne na ɗaya? Zobe ai ba shi da kai ba shi da wutsiya.

Ta jawo wani akwati da ba ta taɓa kula shi ba, wanda ke rubuta lambar kowane ɗigo a jikinsa. Lambobi suka fito a zoben ƙasa da na sama kamar tururuwa. Na ɗaya na ƙasa yana daidai inda ta danna lokacin da ta zana zoben. Na ɗaya na sama yana bisa kansa cif, don kullum daga gefe ɗaya take kallo, kullum dama take ja. Ranar Litinin kuwa Kwamanda ta juya kallon, ita kuma kunya ta hana ta daidaitawa. Damar da ta ja ranar ba damar kullum ba ce. Na ɗaya na sama ya koma can gefe, sandarsa ta miƙa ta bi shi, sauran duk suka bi sahu.

Ba ta sake zana zobe ba. Ta nemo akwatin da ke gusa jeri, wanda zai ce wa ɗigon sama kowa ya matsa gida kaza, ta maƙala masa zariya. Ta riƙe ƙullin. Sai ta ga ba za ta iya ja ita kaɗai ba.

"Baba, zo ka ja mini wannan."

"Ni? Da wane hannun?"

"Da wanda ya ɓalla rigar."

Ya zauna a hankali. Ta ɗora hannunsa a kan linzami, ta ɗora nata a kai. Suka ja gida ɗaya. Sandunan suka ɗan karkata kamar an hura musu iska. Suka ƙara. Kejin ya ja numfashi, cikinsa ya shige. Suka ƙara, sai ga ta, ita ce, rumfar ranar Litinin, da ƙugunta da bakinta a buɗe sama.

Mama ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bayansu.

"Wa ya lanƙwasa ƙarfen?" in ji Baba can ƙasa-ƙasa.

"Ba wanda ya lanƙwasa. Duk a miƙe suke."

"Kar ki yi wa tsoho wasa."

Ya ɗauki katin asibitinsa ya kara gefensa a jikin gilashin, bisa sanda ɗaya. Ta bi katin sak. Ya gwada wata. Ya gwada wata can gefe inda lanƙwasar ta fi yawa. Ya ajiye katin.

"Ikon Allah," ya ce. "Kowa a miƙe, taron ya lanƙwasa."

"Ja baya in gani," in ji Mama. Suka ja baya, keji. Suka ja gaba, ƙugu. "Sake." Sai da ƙaurin abin da ke kan wuta ya iso teburin ta ruga.

Wannan karon Auta ta ajiye aikin, ta sake ajiyewa, kafin ta taimaka wa Baba neman hularsa. Maɓallan shi ya gyara abinsa.

A ɗakin zane Kwamanda ta kalli rumfar ta riƙe baki. Amma ita gwanar lissafin nauyi ce, ba ta daɗe tana mamaki ba.

"Kyau kam akwai. Sai dai duk sun jingina gefe ɗaya, kamar 'yan ajinmu a jarrabawa. Ki ɗora rufi a kan wannan, murɗewa zai yi ya zauna a kan mutane."

Auta ta kalli sandunan. In waɗannan sun matsa gaba, me zai hana wasu su matsa baya? Ta kwafi akwatin, ta juya lambar, ta maƙala a zariya ɗaya. Sabbin sanduna suka fito suka karkata ɗaya gefen, suka gicciye na farko, kowace ta tokare 'yar'uwarta. Rumfar ta zama saƙa, idanu-idanu tun daga ƙasa har sama, manya a gindi, ƙanana a ƙugu. Ƙugun bai gusa ko kaɗan ba, kamar dama can yana jiran su.

"To," in ji Kwamanda. "A rubuta cewa gwiwata ce ta fara."

Ranar Alhamis Malam ya bi tebura ɗaya bayan ɗaya. Ya ja, wata rumfa ta tashi sama ta bar ƙafafunta. Ya ja, wata ta kumbura ta cinye sashen duka. Da ya iso lungu sai da aka rufe ƙofa don mutane su sami wurin tsayawa, Auta ta rasa abin ɓuya. Ta bar zariyar a farko, keji a tsaye. Wani ya yi kukan kaza a baya, Kwamanda ta juya ta kalle shi, kazar ta mutu.

Malam ya zauna. "Ja mu gani."

Ya ja a hankali, ba yadda ya saba ba. Sandunan suka rabu biyu, rabi dama rabi hagu, suka shiga juna. Ƙugu ya fito. Malam ya gan shi. Bai tsaya ba. Ƙugun ya ci gaba da tsukewa, ya zama wuya, ya zama maƙogwaro, har a ƙarshen zariya duk sandunan suka cunkushe a ɗigo ɗaya a tsakiya.

"Ta fashe?" ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ba ta fashe ba, Malam. Amma a nan ba ta ginuwa. Ƙarfe ba ya ratsa ƙarfe."

"To a ina take ginuwa?"

Ta miƙa hannu. Ya sakar mata linzamin. Ta ja baya, ƙugun ya saki, ta wuce wani wuri da ya fi kyau a ido, ta ƙara ja baya kaɗan, ta tsaya.

"Inda kika wuce ya fi siranta," in ji shi. "Me ya sa nan?"

Ta kunna wani ɗan mutum da ta tsayar a gindin rumfar. Tsakanin kowace sanda biyu da suka gicciye akwai kafa mai tsini a sama, ta nan ake shiga. "In aka ƙara murɗawa, kafar nan tana saukowa. Nan ne ƙarshen inda mutum zai shiga bai sunkuya ba."

"Wane mutum kika auna? Ya fi ki tsawo."

"Babana. Ba ya iya sunkuyawa."

Malam ya gyaɗa kai. Bai miƙe ba. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya kama filogin, ya zare.

Gilashin ya yi baƙi. Kwamanda ta ɗaga hannaye biyu sama. "Jama'a ku shaida, ba ni ba ce."

Ya jawo tasa kwamfutar daga jaka, ya buɗe shafi fari fat, ya tashi ya ba Auta kujerarta.

"Ranar Litinin an cire wuta ta tafi," ya ce. "Yau fa?"

Ta zauna. Mutane a kanta ta ko'ina, numfashinsu a wuyanta. Ta jira hannunta ya fara rawa, sai ta ga bai yi ba. Ta yi zobe a ƙasa. Ta yi zobe a sama, ba ta ma damu da inda ta danna ba. Ta raba su, ta jera akwatuna, ta ja zare daga wannan zuwa wancan. Kejin ya tsaya. Ta maƙala zariya, ta ɗora yatsa a kan ƙullin.

Daga bayanta, a hankali, wajen mutum biyar suka ce, "Ja mu gani." Har da shi.

Ta ja. Sandunan suka fara karkata, kowace a miƙe, kuma duk da ta san dalili yanzu, ɗigo da ɗigo, tsigar jikinta ta sake tashi.